Shekarar da Aka Ce Za a Yanka Sajan

Ku 'ya'yana, ban yi niyyar taɓa wannan magana ba sai bayan na gama takaba. Amma ranar da mata suka cika tsakar gida wajen ta'aziyyar mahaifinku, ke Habiba kin shigo ɗaki idonki jawur, kika ce kin ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa ai mamacin shi ne ɗan sandan nan da Fulani suka saya da sa. Na ce miki ki yi shiru, ba ranar magana ba ce. To yanzu gida ya yi tsit, ina da lokaci fiye da yadda nake so. Kuna ƙanana aka yi abin, ni kuwa da ni aka yi, don haka zan faɗa muku yadda na gani.

A lokacin muna zaune a Azare, a gidan haya mai ɗaki uku, mu da ku da Inna, kakarku. Shekarun nan ne da wayar hannu ta fara shigowa gari, sai ka ga mutum ya hau tudu yana ɗaga ta sama yana neman sabis. Mahaifinku ɗan sanda ne, amma ba mai tsaron hanya ba. Aikinsa gabatar da ƙara a kotu: idan aka kama mutum, shi ne zai tsaya gaban alƙali ya faɗi laifin, ya kira shaidu. Muƙaminsa sajan ne, kuma sunan ya bi shi har ya danne Haruna. Masu shago Sajan, limamin unguwa Sajan, Inna ma idan ya ɓata mata rai Sajan take ce masa. Ba mai yawan fara'a ba ne a waje, kuma ba ya karɓar baƙon da ke da shari'a a hannunsa. Mutane da yawa sun ɗauke shi mai taurin kai. Ba su yi ƙarya ba.

Shekara guda kafin abin da zan ba ku labari, shanun wani saurayi Bafillace mai suna Iro suka shiga gonar dawa a wajen Itas. Rigima ta kaure, Iro ya ɗaga sanda ya karya wa mai gonar hannu. Shari'ar ta zo hannun mahaifinku. Yayan Iro, wani dogon mutum ana ce masa Dikko, ya kwaso dattawa suka zo ƙofar gidanmu roƙo. Mahaifinku ya fita ya gaishe su a tsaye, ya ce su je kotu, can ake magana. Aka ɗaure Iro. Ranar da aka yanke hukunci Dikko ya tsaya a bakin kotu, a gaban jama'a, ya nuna mahaifinku da sandarsa.

"Sajan, kai ba ka jin roƙo," in ji shi. "To shi ke nan. Akwai Allah."

Ba wanda ya ɗauki maganar da nauyi a ranar. Daga baya kowa ya tuna da ita.

Azumi ya zo mana a kaka, an gama yankan gero ana jiran dawa. Wata rana ina tsaye ina tace tsamiyar kunu, tun kafin la'asar, na ji mota ta tsaya a ƙofa. Mahaifinku ya shigo, bayansa 'yan sanda biyu da bindigogi, suka tsaya a zaure. Ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce mu kwantar da hankalinmu, an kama mutanen. Inna ta ce waɗanne mutane? Sai ya faɗa mana. Ranar kasuwa, a kara inda ake cinikin shanu, wani mutum da ke kai wa ofishinsu labari yana zaune a bayan rumfa ya ji Dikko yana magana da wani mahauci mai suna Sale. Dikko ya ce, "Sajan ya ishe ni. Jajiberen sallah ka zo da wuƙa da yaranka ƙarfafa, don ba zai kayu da sauƙi ba. Ni zan jawo shi bayan gari." Sale ya ce, "Bar ni da shi, na kayar da waɗanda suka fi shi." Kuma a nan take Dikko ya ba shi kafin alƙalami.

Ban san lokacin da rariyar ta faɗi daga hannuna ba. Inna ta yi salati, ta ƙara, sannan ta tashi ta jawo ku ɗaya bayan ɗaya ta tura ɗakinta ta rufe.

Daga ranar gidanmu ya zama wani iri. Aka hana ku zuwa Islamiyya. Mahaifinku ya daina zuwa asham a masallaci, yana ja mana a tsakar gida. Masu gadi suna zaure, mu ke kai musu abin buɗa-baki. Aka faɗi labarin a rediyo, ba a ambaci suna ba, amma duk Azare an san wanda ake nufi. Maƙwabta suka yi ta shigowa jaje, har waɗanda ba sa gaishe mu da. Manyansa suka kira shi suka yaba masa, aka ce irinsa ake nema, aka fara maganar ƙarin girma zuwa sufeto. Dikko da Sale kuwa suna tsare, ana cewa da an sauko daga sallah za a wuce da su Bauchi, kuma laifin haɗa baki a kashe jami'i ba ƙaramin ɗauri ba ne. Ni dai ba zan ɓoye muku ba, a kwanakin nan ko tari mahaifinku ya yi a bayan gida sai gabana ya faɗi.

Sai na lura da wata mata. Kullum da hantsi takan zo ta zauna a gindin dalbejiyar da ke tsallaken hanya, da ƙwarya a gabanta, ba ta talla, ba ta magana da kowa, sai rana ta yi sanyi ta tashi. Masu gadi suka ce matar Dikko ce, ta nemi shiga sun kore ta. Kun san mahaifiyata Bafillatana ce daga wajen Shira, a bakinta na tashi da Fillanci. Na yi kwanaki ina leƙen matar nan ta kafar ƙyaure. Ran nan dai na yafa mayafi na tsallaka. Na gaishe ta da Fillanci. Ta ɗago da sauri, ta kama bakin zanena da hannu biyu. Sunanta Dije, ta girme ni, don haka na ce mata Adda, wato yaya da Fillanci.

"Adda, me kike nema a ƙofar gidan mutumin da mijinki ya so ya kashe?"

"Ƙanwata, sa ne."

"Wane sa?"

"Sajan ɗin. Sa ne fari, ƙahonsa ɗaya ya lanƙwasa ƙasa. Tun da aka ɗaure Iro maigida ya sa masa sunan, don haushi. Ya addabi garke, ya soki ɗan'uwansa, ya kori yara. Shi ne aka ce a yanka shi a yi watanda da sallah, kowa ya sayi kashi. Wallahi sa ne. Ku zo ku gani."

Na dawo gida ban san abin da zan yi da maganar ba. Na bari sai da aka sha ruwa, mahaifinku ya ci ƙosai ya ɗan sami natsuwa, sannan na faɗa. Inna ce ta fara magana, ta dire kofin kununta.

"Sa? Ɗan nawa ne sa? Ni na haifi sa?"

"Inna, ba haka ake nufi ba," in ji mahaifinku.

"To yaya ake nufi? Gara ma da suka ce kashe ka za su yi, wannan ai da mutunci. A bar su a can su ruɓe!"

Shi bai yi dariya ba. Ya ce ya san da wannan labarin, tun ranar da aka kama su abin da Dikko da Sale suke ta faɗa ke nan, kuma a ofis an ɗauka sun shirya bakinsu ne. Ya ce, "Ladi, shekara nawa ina wannan aiki. Ban taɓa ganin wanda aka kama ba shi da labari ba." Na ce haka ne. Na tattara kwanuka, na dawo, sannan na tambaye shi abin da ke cina.

"Malam, akwai wanda ya je ya duba?"

Ya ce, "Babu." Ya ce da aka kama Dikko danginsa suka kwashe shanun suka shige fadama da su, don tsoron kada a kama dabbobin, kuma ba wanda ya ga dalilin bin su.

Da safe bayan ya idar da salla ya ce zai je. Ya ce idan ya tafi da mota da bindiga, kafin ya isa sun ƙara gaba, don haka shi kaɗai zai je a babur, Dije ta yi masa kwatance. Inna ta tare ƙofar ɗaki da jikinta. Ta ce, "Ba ka ji abin da mutumin ya ce ba? Zan jawo shi bayan gari. To ga shi an aiko mace ta jawo ka, kai kuma ka miƙa wuya." Maganarta ta shige ni, domin abin da na kwana ina juyawa ke nan. Ni na kawo labarin nan cikin gida. Idan tarko ne, da hannuna na kai shi. Idan kuma gaskiya ne muka ƙi zuwa, mutum biyu za su tsufa a kurkuku saboda sunan dabba, mu kuma mu ci ƙarin girma a kansu. Mahaifinku ya durƙusa gaban Inna ya ce, "Ni ake cewa za a kashe, kuma da sunana za a ɗaure su. Ki bar ni in gani da idona." Ta juya masa baya, ba ta ce je ka ba, amma ta matsa daga ƙofar. Ni kuwa na shiga na ɗauko mayafina. Ya ce ina za ki? Na ce ai ba ka jin Fillanci, wa zai yi maka tafinta? Ya dube ni, ya buɗe baki zai hana, ya fasa.

Da hantsi Dije ta zo ta yi mana kwatance, ta shiga mota ta riga mu gaba. Mahaifinku ya sa tsohon kaftani, ya ce wa masu gadi su kula da Inna da yara. Muka kama hanyar Itas, daga nan muka sauka muka bi ta gonaki. Dawa ta nuna, ta fi mu tsawo ta kowane gefe, ba ka ganin abin da ke gabanka. Duk addu'ar da na sani na karanta ta a bayansa. Da muka kusa, maimakon ya miƙe inda Dije ta ce za ta jira mu, sai ya ratse ya shiga wani ƙaramin ƙauye na manoma. Na ce ba nan ba ne. Ya ce ya sani, amma ba a fara tambayar dangin wanda ake tuhuma. Muka tarar da wani tsoho yana sussukar wake a ƙofar gida. Mahaifinku ya yi sallama, bai faɗi ko shi wane ne ba, ya ce shi mai sayen shanu yake wa bincike, an ce Dikko yana da wani farin sa.

"Sajan?" in ji tsohon, ya jefar da sandar. "Wannan shaiɗanin? Malam, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Bara ya fasa mini shinge, bana ya bi jikata har bakin rijiya. Mu da muka ji za a yanka shi har kashi biyu muka ce a ajiye mana, don mu rama."

"Me ya sa ake ce masa Sajan, Baba?"

"Oho. An ce wani ɗan sanda ne a Azare mai baƙin hali irin nasa."

Mahaifinku ya ce, "Allah ya kyauta." Tsohon ya ce amin.

Muka sami garken a bakin ruwa. Maza suka tsaya nesa da sandunansu, ba wanda ya matso, sai Dije. Ta ce bari ta kira shi. Mahaifinku ya ce in gaya mata ta bari, shi zai kira. Ya taka gaba kaɗan, ya gyara murya, ya kira sunan kansa da ƙarfi kamar mai kiran shaida a kotu. Shanu suna ta kiwo, ba wadda ta kula. Ya sake kira. Sai wani farin sa daga can tsakiya ya ɗago kai, ƙaho ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya zuba masa ido. Ya huci, ya tono ƙasa da ƙafa, ya taho a guje. Ku da kuka san mahaifinku da tafiyar ƙasaita, da kun ga yadda ya tattare kaftani ya zaga bayan tsamiya, takalmi ɗaya a nan ɗaya a can. Da ƙyar makiyayan suka kora san. Ni na zauna a ƙasa ina dariya, hawaye na zuba, na kasa tsayar da ko ɗaya. Dije ta zauna kusa da ni ita ma tana yi.

A hanyar dawowa, da muka hango gari, sai ya rage gudu. Ya ce, "Ladi, kin san za a yi mana dariya." Na ce ai ni na riga kowa.

Abin da ya faru a ofis shi ya ba ni labari. Shugabansu ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce rahoto ya riga ya tafi sama, an yaba, an faɗa a rediyo, yanzu a koma a ce sa ne? Ya tuna masa cewa Dikko ya nuna shi da sanda a bainar jama'a, kuma wanda ya sa wa dabba sunanka don ya yanka ta ba masoyinka ba ne. Ya ce ya bar kotu ta tantance. Mahaifinku ya ce, "Yallaɓai, ban ce yana sona ba. Ya ƙi ni, kuma yana da dalilinsa. Amma ƙiyayya ba ta cikin abin da ake tuhumarsa da shi. Idan aka kira ni shaida zan faɗi abin da na gani, har gudun da na yi." Shugaban ya ce ya fita. Aka tura wasu suka je suka ji daga bakin manoman, kuma ana jajiberen sallah aka saki mutanen biyu. Sale ya zo ƙofar gidanmu yana kuka, mahaifinku ya ce ya je gida 'ya'yansa na jira. Dikko bai zo ba. San ma ba a yanka shi ba, wa zai sayi kashi bayan wannan? Na ji an sayar wa masu lodin shanu zuwa kudu. Mu dai ko ludayin nono bai shigo gidanmu daga wajensu ba, Inna tana raye a lokacin, da ta gani da ta watsar.

Dariyar kuwa an yi ta. Idan mahaifinku ya wuce a babur sai ka ji wani daga cikin rumfa ya yi kukan sa. Kai Nura ka dawo daga makaranta da leɓe a fashe saboda haka, ba na jin ka manta. Waɗanda suka zo mana jaje su ne suka fara cewa an saye shi. Maganar sufeto ta mutu, ba ta sake tashi ba har ya yi ritaya. Kafin babbar sallah aka mayar da shi tsohon garin Katagum. Ranar da muke ɗaure kaya na yi kuka, shi kuwa yana ta naɗe tabarmi yana cewa an ce kifin can yana da arha.

Katagum ta karɓe mu. Gidan da muka samu yana da fili, na yi kiwon awaki, ya sami 'yar gona a bakin fadama yana zuwa bayan aiki. Labarin ya riga mu isa, amma mutanen can wani abu daban suka ji a cikinsa. Sai ka ga wanda ɗansa ke tsare ya tafi gida hankali kwance, yana cewa ai Sajan zai duba. A can na fara jin mahaifinku yana dariya da ƙarfi har a waje.

Damina ta wuce, gero ya fara nuna, wata safiya aka yi sallama. Na leƙa na ga Dikko, hannunsa ba komai sai sanda, tare da shi ga tsohon nan mai sussukar wake. Tsohon yana ganin mahaifinku ya gane mai tambayar sa, ya rufe baki da hannu. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Inna ta ji ko wane ne, ta ɗauki ruwan da kanta ta kai, ta tsaya a kansa.

"Kai ne ka sa wa ɗana sunan sa?"

Dikko ya sunkuyar da kai. Hausarsa ba ta da yawa, amma ya lallaɓa. "A'a, Inna. San na sa wa sunan ɗanki."

"To wa ya fi wani taurin kai?"

"Inna, san yana gudun sanda."

Ta yi tsaki ta dire kwanon, amma na ga bakinta yana motsi da ta juyo. Dikko ya sha ruwa, ya ce Iro ya fito, yana gaisuwa. Bai yi godiya ba, bai ba da haƙuri ba, mahaifinku ma bai nema ba. Sannan tsohon ya faɗi abin da ya kawo su. Kaka ta gabato, burtalin da shanu ke bi zuwa ruwa ya cinye, gonaki sun shiga ciki, kuma ba sa so a sake karya hannun wani. Sun yarda a zauna a sake shata hanyar, amma an rasa wanda zai tsaya a tsakani. Manoma suka ƙi wanda Fulani suka kawo, Fulani suka ƙi na manoma.

"Sai muka ce Sajan," in ji tsohon. "Su ma suka ce Sajan."

Mahaifinku ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Wanne daga ciki?"

Tsohon ya yi dariya har da tari. Dikko ya rufe fuska da rawaninsa, kafaɗunsa suna rawa. Mahaifinku ya ce shi ba alƙali ba ne, ba hakimi ba, sai an sanar da mai gari, kuma ranar Asabar kawai yake da ita. Suka ce ai yau Asabar, kuma mai gari na can yana jira. Ya shigo cikin gida yana neman hularsa, ya same ni a bayan ƙyaure inda nake saurare.

Ya ce, "Ladi, ɗauko mayafinki. Har yanzu ban iya Fillanci ba."